Kyamarar da Ke Waiwaye: Yadda Ake Aiki da Tsofaffin Kyamarorin Fanorama na Fim

Duk wanda ya taɓa latsa maɓallin kyamarar Horizon ko Widelux ba ya manta ƙarar. Maimakon "ƙyas" ɗin da aka saba ji, sai ka ji wani "zirrr" yayin da gangar da ke gaban kyamarar ta zagayo daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mutumin da ya tsaya a bakin fili ya juya kansa yana ƙare wa wurin kallo. A cikin wannan juyin take zana hoton a jikin fim, tsiri bayan tsiri. Abin da ke gefe guda na hoton ya riga na ɗaya gefen shiga, ko da kuwa da ƙiftawar ido ne.

Na daɗe ina aiki da irin waɗannan kyamarori, kuma abin da na lura shi ne yawancin fim ɗin da sabon shiga yake ɓatawa, rashin sanin halin lensi ne ke jawo shi. Mutum ya ɗauko kyamarar da lensinta ke juyawa, ya riƙa mu'amala da ita kamar wadda lensinta ke tsaye, sai hoto ya fito a karkace, ya ce kyamara ta lalace. Lafiyarta lau. Don haka daga nan za mu fara.

Mataki na farko: gane wace iri ce a hannunka

Iri biyu ne manya, sai na uku da ba kasafai ake cin karo da shi ba.

Na farko su ne masu lensi mai juyawa. Fim ɗin yana kwance a lanƙwashe a bayan kyamara kamar baka, lensi kuma yana cikin ganga. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, domin tun tsakiyar shekarun 1840 Friedrich von Martens ya yi irinta a birnin Faris da farantin ƙarfe mai lanƙwasa. Kamfanin Kodak ya fito da Panoram a 1899, kuma da wata tsohuwar Kodak irin wannan mai ɗaukar hoto Josef Sudek ya yi ta ɗaukar birnin Prague a shekarun 1950. Waɗanda za ka fi samu yau su ne Widelux ta kamfanin Panon na Japan, mai lensi 26mm f/2.8, da Horizont wadda masana'antar KMZ ta Krasnogorsk ta fara yi a 1967 zamanin Tarayyar Sobiyet, da ƙanwarta Horizon 202, dukansu da lensi 28mm f/2.8, sai Noblex da aka yi a Dresden ta Jamus a shekarun 1990, wadda batir ke juya gangarta maimakon sifirin.

Na biyu su ne masu lensi tsayayye da fim a shimfiɗe. A nan babu abin da ke motsi sai shota, wato abin da ke buɗewa haske ya shiga ya kuma rufe. Hasselblad XPan ta 1998, wadda aka yi da haɗin gwiwar Fujifilm kuma ake sayar da ita a Japan da sunan TX-1, tana ba da hoto mai 24x65mm a kan fim ɗin 35mm. Manyan yayyenta, irin su Fuji G617 da GX617 da Linhof Technorama 617, suna cin faffaɗan fim ɗin da ake kira 120, kuma hoto huɗu kacal suke fitarwa a nadi guda, kowanne 6x17cm.

Na uku su ne waɗanda kyamarar gaba ɗaya ke juyawa a kan mazauninta, fim kuma yana tafiya a ciki, irin su Cirkut da aka yi wa rajista a 1904. Da ita ake ɗaukar dogayen hotunan nan na sojoji da ɗaliban makaranta. Aikinta fanni ne mai zaman kansa, ba zan shiga ciki ba.

Kashedi guda kafin mu wuce: ƙananan kyamarorin aljihu na shekarun 1990 masu maɓallin da aka rubuta "panorama" a jiki ba sa cikin wannan lissafi. Abin da suke yi kawai shi ne rufe sama da ƙasan hoton da aka saba, su bar maka siririn tsiri a tsakiya. Faɗin bai ƙaru da ko digiri ɗaya ba.

Lensi mai juyawa da halinsa

A nan zan ɗan daɗe, domin idan wannan ya zauna a ka, sauran duk mai sauƙi ne.

Mutane kan yi mamaki in suka ji cewa lensin Horizon 28mm ne kawai, amma yana kwaso digiri 120. Ai lensi 28mm a kyamarar da aka saba bai wuce digiri 65 a faɗi ba. Sirrin shi ne, faɗin hoton daga tafiyar ganga yake zuwa. Aikin lensin shi ne tsayin hoton, wato daga sama zuwa ƙasa, wanda yake kusan digiri 45. A bayan lensin akwai wata siririyar tsaga a tsaye, ta nan haske ke bi ya taɓa fim. Don haka a kowane lokaci tsakiyar lensin kaɗai ke aiki, inda ya fi kaifi kuma ya fi haske. Shi ya sa gefen hoton yake fitowa tas kamar tsakiyarsa, babu duhun kusurwa, kuma fuskar wanda ya tsaya a can ƙarshe ba ta baje kamar an ja ta.

Lissafin ma yana da daɗi. Lanƙwasar fim ɗin yanki ne na da'ira, kuma nisan da ke tsakanin cibiyar da'irar da fim daidai yake da lambar mm ɗin lensin. Digiri 120 kashi ɗaya ne cikin uku na da'ira. Da'irar da nisan cibiyarta yake 28mm, kewayenta kusan 176mm ne. Raba shi uku, ka samu 58mm da ɗoriya, kuma tsawon hoton Horizon ke nan, 24x58mm. Tsohuwar FT-2 ta KMZ da ke da lensi 50mm tana kwaso kusan faɗin da Horizon ke kwasowa, amma hotonta ya kai 110mm a tsawo, tsayinsa kuma ya fi matsewa. Kowane abu yana fitowa da girma, sai dai sama da ƙasa kaɗan ne ke shiga.

Wannan tsari yana da sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, lensin yana juyawa ne a kan wata cibiya ta musamman da ke sa hoton ya tsaya cak a jikin fim duk da lensin na tafiya. In aka matsar da lensin gaba ko baya, wannan daidaito ya rushe. Saboda haka yawancinsu ba su da zoben fokas, wato na saita nisa, ko kaɗan. An kafe shi tun daga masana'anta. Hanyar da za ka samu abu na kusa ya fito sarai ita ce ka tsuke ƙofar haske, wato ramin da ke cikin lensi, wanda ke ƙara tsukewa yayin da lambar f ke ƙara girma. A Horizon 202, in ka buɗe ta a f/2.8, sai abin da ya kai wajen mita biyar da rabi zuwa can nesa ne zai fito da kyau. A f/8 ya matso zuwa mita biyu, a f/16 kuwa har mita ɗaya. Rubuta wannan a 'yar takarda ka manna a bayan kyamarar. Ni f/8 ne gidana, ba na sauka ƙasa da shi sai dole.

Na biyu, layuka. Duk abin da yake tsaye, kamar turken fitila ko kusurwar gini, zai fito a miƙe muddin kyamara na kan lebur. Amma layin da ke kwance, kamar bakin rufi ko gefen titi, zai lanƙwashe. Wanda ke sama da idonka zai yi doro, wanda ke ƙasa zai yi ciki, doguwar katangar da ka fuskanta ta fito da kumburi a tsakiya, ta tsuke a gefuna. Wannan ba aibin gilashi ba ne. Tsakiyar katangar ce ta fi kusa da kai, gefunan sun fi nisa, kuma haka idonka ma yake gani in ka juya kai, ƙwaƙwalwa ce kawai ke gyara maka. Layi ɗaya tak ke tsira, wanda ya ratsa tsakiyar hoton daidai saitin lensi.

Lensi tsayayye

Shi kuwa wannan, kamar kowane lensi yake, illa dai dole ya shimfiɗa haske a fili mai faɗi. Hoton XPan daga kusurwa zuwa kusurwa kusan 69mm ne, don haka lensinta a gaskiya na kyamarar da ke cin fim ɗin 120 ne aka ƙanƙanta. Guda uku aka yi mata: 45mm f/4 mai kwaso wajen digiri 71, da 90mm f/4, da 30mm f/5.6 mai kaiwa wajen digiri 94. Kada lambar 45 ta ruɗe ka. A tsayi yana yin abin da 45mm ya saba yi, amma a faɗi kamar 24mm ko 25mm yake a kyamarar da aka saba. Haka 105mm ɗin da ke kan G617, wanda ka ji lambar za ka zaci na jawo nesa ne, alhali faɗinsa ya doshi digiri 77.

Layuka a nan suna fitowa a miƙe, shi ya sa masu ɗaukar gine-gine suka fi son su. Ladan da ake biya shi ne duhun gefe. Hasken da ya shiga a karkace yana yin doguwar tafiya kafin ya kai fim, kuma yana sauka a kaikaice, don haka yana raunana. A digiri 45 daga tsakiya, a lissafi kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ke saura, wato mataki biyu cur, tunda a lissafin haske kowane mataki rabi yake ragewa. Maganinsa filta ce mai duhu a tsakiya wadda ke washewa a hankali zuwa baki. Tana rage hasken tsakiya har ya yi daidai da na gefe. Sai dai tana cin mataki ɗaya zuwa biyu, kuma ba ta aiki yadda ya kamata sai ka tsuke ƙofa, zuwa wajen f/8 a XPan, f/16 ko f/22 a manyan 6x17. XPan tana auna haske ta cikin lensi, don haka da kanta take lissafa abin da filtar ta ci. A 617 babu mitar auna haske, kai ne za ka ƙara da hannunka. In kana amfani da fim ɗin silaid, wanda hoto ke fitowa a jikinsa da ainihin launinsa, filtar nan wajibi ce. In na baƙi da fari ne, sau da yawa nakan bar ta a jaka, domin duhun gefen yana tattaro ido zuwa tsakiya, kuma ina son hakan.

Mataki na biyu: duba lafiyarta kafin ka sa fim

Waɗannan kyamarori sun kwana biyu. An daina yin Widelux tun wajen 2000, XPan kuma 2006, kayan gyaransu ba a ko'ina suke ba.

Buɗe bayanta, ka ɗaga ta saitin bango mai haske, ka ɗana, ka latsa, kana kallon tsagar tana wucewa. Yi haka a kowane gudun shota, musamman mafi jinkiri. Kunnenka ya fi idonka amfani a nan. Ƙarar ta zama ɗaya daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe, ba jan ƙafa. Duk inda ganga ta ɗan yi jinkiri, wurin zai sha haske fiye da maƙwabcinsa, sai hoto ya fito da ratsi-ratsi a tsaye, wani fari wani duhu. Wannan ita ce babbar cutar masu juyawa, kuma tsohon giris da ya daskare ko ƙura a haƙoran giya ne ke kawo ta. In kyamarar ta daɗe a ajiye, latsa ta sau ashirin ko talatin babu fim, wani lokaci hakan kaɗai na warware ta. In ratsin bai tafi ba, kai ta wurin mai gyara da ya san irinta. Kada ka ɗiga mata mai da kanka, kuma kada ka tura gangar da yatsa alhali tana kulle.

Sai ka haska fitilar waya ta cikin lensi, ka nemi fumfuna mai kama da saƙar gizo, ko hazo. Duba soson da ke bakin murfin baya; in ya zama danƙo yana manne wa yatsa, haske zai kutsa, a canza shi. Masu juyawa suna da wani abin toshe haske a gefen ganga ma, kuma in ya ci, za ka ga jan tabo ko fari a wuri guda a kowane hoto. Daga nan ka sadaukar da nadi guda don gwaji: ɗauki sararin sama tsantsa ko farin bango a kowane gudu. Babu inda ratsi ke ɓuya a irin wannan hoto.

Mataki na uku: sa fim

A XPan abin ba wuya. Ka ja bakin fim zuwa alamar, ka rufe, ita za ta zare fim ɗin duka zuwa ɗaya gefen, sannan ta riƙa mayar da shi cikin gwangwani hoto bayan hoto. Amfanin haka, ko murfi ya buɗe bisa kuskure, abin da ka riga ka ɗauka yana cikin gwangwani a tsare.

Masu juyawa ne ke son natsuwa. Fim ba ya tafiya a miƙe. A Horizon zai fito daga gwangwani, ya bi ta ƙarƙashin rola ta farko, ya hau kan bakan nan mai lanƙwasa, ya sake nutsewa ta ƙarƙashin rola da haƙoran da ke jan sa, sannan ya kai ga sandar da ke naɗe shi. In ka tsallake rola ɗaya, fim ba zai kwanta a kan bakan ba, kuma nadin gaba ɗaya zai fito dishi-dishi. Ɗan lanƙwasa bakin fim ɗin da yatsa kafin ka cusa shi, zai fi saurin leƙowa ta ɗaya ɓangaren. Nemi mataccen fim ka yi ta gwadawa a kan tebur har hannunka ya haddace hanyar. Kafin ka rufe murfi, juya marikin mayar da fim cikin gwangwani a hankali har sakwarkwacewar ta tafi, ka shafa fim ɗin ka ji ya ɗame a kan bakan.

Bayan ka rufe, kowane ɗani ka sa ido kan marikin mayarwa. In yana juyawa, fim na tafiya. Ja hannun ɗanin a hankali, da ja ɗaya mai santsi. Hanyar fim ɗin tana da kwana da yawa, fizga kuwa tana yaga ramukan gefensa. Nadin da aka rubuta wa 36 zai ba ka hoto 21 ko 22. Da ka ji ya yi tauri a wajen nan, ka tsaya, ya ƙare. Mayarwa ma a hankali.

Al'ada guda da nake so ka riƙe: fara ɗanawa, sannan ka canza gudun shota. Da yawa daga cikin waɗannan injina haka aka gina su, kuma murɗa maɓallin gudu kafin ɗani na iya takura giya.

Mataki na huɗu: haske

Gudun da aka rubuta, misali 1/125, lokacin da kowane ɗigo na fim yake samun haske ne yayin da tsaga ke wucewa ta kansa. Tafiyar gangar gaba ɗaya ta fi haka tsawo nesa ba kusa ba. A gudu mai sauri ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, a mai jinkiri kuwa sai ka ƙirga daƙiƙoƙi kana jira.

Zaɓin kuma kaɗan ne. Widelux F7 da F8 gudu uku gare su: 1/15, 1/125, 1/250, ƙofarsu kuma ta tsaya a f/11. Horizon 202 tana da 1/2, 1/4, 1/8, sai ta yi tsalle zuwa 1/60, 1/125, 1/250. Dubi ramin da ke tsakanin 1/15 da 1/125, ko 1/8 da 1/60: mataki uku ne babu komai. Saboda haka tun a gida za ka yanke shawara, wajen zaɓen fim. A rana tsaka mai ƙarfi, fim mai ISO 100, wato lambar da ke nuna saurin fim wajen kama haske, yana son 1/125 a f/16, ko 1/250 a f/11, wanda shi ne iyakar abin da Widelux za ta iya. In ka sa mata ISO 400 a irin wannan rana, haske ya yi yawa da kusan mataki biyu kuma ba ka da sauran maɓallin da za ka murɗa, sai dai filta mai rage haske. Da yamma ko cikin inuwa kuwa 400 ɗin ne zai cece ka daga faɗawa ramin.

Digiri 120 fili ne babba. Gefe guda na iya zama rana ƙwal, ɗayan inuwa. Auna wurare uku da mitar hannu ko ta waya: hagu, tsakiya, dama. In fim mai dodo ne, wato nagetif, ba inuwa haƙƙinta, domin yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa. Shi nake ba kowane sabon shiga shawara ya fara da shi. Silaid ba ya yafiya.

Rana a cikin hoto ba ta cika ɓata komai ba kamar a lensi tsayayye, tunda lensin yana fuskantarta ne na ɗan lokaci, amma takan bar faffaɗan ratsi mai haske a inda ganga ta gifta ta. In za ka iya, ɓoye ta a bayan bishiya ko gini. Filasha kuwa ka manta da ita, walƙiyarta za ta haska tsiri ɗaya ne kawai. Fitilun cikin ɗaki masu tsawo da wasu na LED suna ƙyafta sau 100 ko 120 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma tsaga na gani, sai hoto ya fito da zane kamar haƙarƙari. Gudu mai jinkiri yana rage wannan.

Mataki na biyar: riƙo, lebur da tsara hoto

Nadina na farko, hotuna bakwai ne suka fito da wani jan abu a gefen dama, kamar gajimare. Na ɗauka haske ne ya kutsa. Sai da na sa madubin ƙara girma na ga layukan fata. Gaɓoɓin yatsuna ne. Lensin yana leƙawa har gefen da hannu ya saba zama, tagar leƙe kuma ba za ta nuna maka ba, domin ita daban take kallo. Riƙe kyamarar ta sama da ƙasa, babban yatsa a gindi, sauran a kan rufi, ko ka ɗaura mata marikin da ake sawa a ƙasa, irin wanda Horizon ke zuwa da shi. Igiyar wuya ma ka mayar da ita baya.

Sai lebur. Kowace mai juyawa tana da ɗan ƙwan ruwa irin na magina. A Horizon 202 kana ganin sa ta cikin tagar leƙe, a Widelux yana kan rufi, shi ya sa da yawa suke riƙe ta a ƙirji suna kallon ƙwan maimakon taga. In ka ɗaga hancin kyamara sama, layin da ƙasa ta haɗu da sama zai lotsa a tsakiya kamar kwano. In ka sunkuyar da shi, ya yi tudu kamar ƙasa ta kumbura. Digiri biyu ko uku sun isa a gani. Kana son abin da ke kusa ya miƙe sama a hoto? Durƙusa. Kana son ka hango ƙasa a shimfiɗe? Hau wani abu. Tsayinka za ka canza, hancin kyamara ya zauna inda yake. Akwai ranar da za ka karkatar da ita da gangan don ka lanƙwasa duniya, kuma yana kyau matuƙa, amma sai ka iya miƙewa tukuna.

A 1/125 zuwa sama hannu ya isa, in ka tsaya cak har ƙarar ta mutu. Mutane da yawa suna sauke kyamara da jin an fara, alhali ganga tana tsakiyar hanya. A gudu mai jinkiri sai mazauni mai ƙafa uku da wayar latsawa.

Babban kuskuren tsari shi ne tsayawa nesa. Ganin faɗin, sai mutum ya nufi dutse ko teku daga can, ya dawo da siririn zare a tsakiya, sama fanko, ƙasa fanko. Matsa kusa. Tsuke ƙofa zuwa f/11, ka sa wani abu a mita biyu, mutum ko ƙofa ko kututture, sauran filin ya zuba a bayansa. Hoto mai tsawo ana karanta shi ne kamar jimla, ido na tafiya daga gefe zuwa gefe, don haka a samu abin da zai tare shi a farko, da abin da zai tarar a ƙarshe. Wuri mafi daɗi ga mai juyawa shi ne kusurwa: tsaya a mahaɗar tituna biyu, kowanne ya miƙe ta gefensa, sai lanƙwasar ta ɓace cikin zurfin hoton. Cikin taro ma haka, inda abu uku ke faruwa lokaci guda kuma babu wanda ya san lensi ya kai kansa.

In jama'a za ka jera, kada su yi sahu miƙaƙƙe, na tsakiya za su yi girma, na gefe su ƙanƙance. Ka tsaya a cibiya, su zagaye ka kamar baka, kowa nisansa ɗaya da kai. A hoto za su fito a layi ɗaya daidai wa daida. Haka masu Cirkut suke yi tun farkon ƙarnin da ya wuce, kuma a nan ne yara suka gano cewa wanda aka ɗauka a wannan ƙarshe zai iya zagayawa ta baya da gudu ya sake fitowa a wancan.

Motsi ma yana da nasa hukunci. Motar da ke tafiya tare da juyin ganga za ta fito a miƙe, ta yi tsawo. Wadda ke tahowa ta kishiyar hanya za ta fito a dunƙule. Latsa kyamararka babu fim ka ga ta ina gangar ke farawa, ka riƙe a ka, domin zai ba ka damar zaɓen wanda kake so.

Ga masu 617 kuwa, tagar leƙe ba ta bi ta lensi, don haka babu abin da zai gaya maka murfin lensi na nan a rufe. Da hoto huɗu a nadi, mayar da shi al'ada: cire murfi, duba nisa, ɗana shota, sannan ka latsa, kuma ka ja fim nan take.

Mataki na ƙarshe: wanki

Wankin fim ɗin bai bambanta da na kowane fim ba. Yankan ne abin tsoro. Injin wurin wanki ya saba da hoto mai 36mm, kuma zai sa wuƙa inda ya saba. An taɓa dawo mini da nadi guda an daddatsa shi, hoto shida an raba su biyu, cikinsu har da wanda na yi kwana uku ina komawa wuri guda don jiran haskensa. Tun daga ranar, ina rubuta "kada a yanka" a jikin gwangwanin da kuma takardar karɓa, in kuma faɗa da baki. Ka karɓi fim ɗinka a naɗe, ka yanka da almakashi a gida, hoto uku-uku, ka zura a rigar ajiya.

Wajen mayar da shi kwamfuta, sikana mai shimfiɗa wadda ke karɓar fim ta fi sauƙi, sai dai ka kashe mata zaɓen hoto na kai-tsaye ka ja iyakar da hannunka. In da kyamarar dijital kake kwafa, ɗauki dodon a kashi biyu, su ɗan hau juna da kamar kashi ɗaya cikin uku, ka kafe haske da fokas kada su canza tsakanin biyun, sannan ka ɗinke su a manhaja. Mai bugawa a ɗakin duhu yana buƙatar injin da ke ɗaukar 6x6 ko 6x7 don hoton Horizon da Widelux, 6x7 don na XPan. Na 6x17 kuwa sai injin 5x7 inci, ko ka kwantar da dodon a kan takarda kai-tsaye ka buga shi a girmansa, tunda santimita 17 ya isa a riƙe a hannu a kalla.

Nadi biyar na farko, ajiye ɗan littafi: lambar hoto, gudu, ƙofa, da ko da hannu ka ɗauka ko a mazauni. In fim ya dawo, shimfiɗa shi a kan haske ka bi littafin layi-layi. In ratsi a gudu ɗaya kawai yake fitowa, ka san wanda za ka gaya wa mai gyara ya duba. In abin kusa ne ke dishi-dishi, ƙofa ce ba ka tsuke ba. In kuwa hoton duka ne ya yi laushi daga farko har ƙarshen nadi, buɗe bayan kyamarar ka sake bin hanyar fim, akwai rolar da ka tsallake.